Tambayi Kawu: Gidan da Kuka Yi Tarayya da Gwamnati

Wasiƙun wannan watan kusan duk maganar gida suke yi, yawancinsu kuma daga 'yan'uwanmu ne da aikin asibiti da na kula da tsofaffi ya kai Birtaniya a 'yan shekarun nan. Na zaɓi biyar, na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Lissafin da za ku gani a ciki misali ne, kowa ya ɗauki biro ya sa nasa adadin.

Tambaya: Kawu, ina gaisuwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Leeds, muna zaune da maigidana da yara biyu. Fam 950 muke biyan haya duk wata, mai gidan kuma ya ce zai ƙara. Mun tara fam 9,000. Wata abokiyar aikina ta nuna min wani sabon fulat mai ɗaki biyu, kuɗinsa fam 200,000, ta ce a tsarin Shared Ownership kashi 25 cikin 100 kawai za mu saya, sauran gwamnati ke riƙewa. Maigidana ya ce da babu gara ba daɗi, mu shiga kawai. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Me ka gani?

Amsa: 'Yata, ina amsawa, ki gaishe min da maigidan. Mu fara da gyara maganar abokiyar aikinki. A wannan tsarin ba gwamnati ce ke riƙe da ragowar gidan ba. Ƙungiyar gidaje ce, irin waɗanda gwamnati ke ba tallafi su gina gidaje masu sauƙin kuɗi. Ita ce mai gidanki a kan kashi 75 ɗin da ba ki saya ba, kuma haya za ki riƙa biyan ta a kansu. Wato hayar ba ta bar ki ba, raguwa ta yi.

Ga yadda lissafin zai kasance. Kashi 25 na fam 200,000 shi ne fam 50,000. Idan banki ya nemi kashi 10 na wannan a matsayin kafin alƙalami, fam 5,000 ke nan, sai ya ranta muku 45,000. In muka ɗauka kuɗin ruwa kashi 5.5 ne kuma a shekara 25 za a biya, kusan fam 276 zai riƙa fita duk wata. Hayar ragowar yawanci kashi 2.75 ce na darajar kason ƙungiya a shekara, wato fam 4,125 a kan 150,000, kusan fam 344 a wata. Sai kuɗin kula da gini: shara, fitilun baranda, lif, inshorar ginin, mai yanke ciyawa. Mu ce fam 150. Jimla kusan fam 770. Kin ga ya gaza 950 ɗin da kuke biya yanzu, kuma fam 9,000 ɗinku zai iya ɗaukar kafin alƙalami da kuɗin lauya. Har nan maigidanki yana da gaskiya. Da a ce duka gidan za ku saya ta banki, kashi 10 ɗin kaɗai fam 20,000 ne, kuma kafin ku tara shi farashin ya ƙara gaba.

Abin da dillali ba zai daɗe yana faɗa miki ba shi ne yadda waɗannan lambobi ke motsi. Hayar tana hawa duk shekara. A yarjejeniyoyin da aka fara rubutawa daga Oktoban 2023, ana iya ƙara ta da ma'aunin hauhawar farashi da ƙarin kashi 1. Idan hauhawar ta tsaya a kashi 4, ƙarin kashi 5 ke nan, fam 344 ɗinki zai koma kusan 439 bayan shekara biyar. Albashin NHS, hukumar lafiya ta Birtaniya, kuwa ba lallai ya bi wannan sawun ba, ke kin fi ni sani. Kuɗin kula da gini shi ma yana hawa, kuma shi ba a ɗaure shi da wani ma'auni ba, abin da aka kashe ake rabawa mazauna. A nan ne mutane suka fi kuka. Ke mai kashi 25 ce, amma kuɗin kula da gini cikakke za ki biya, daidai da maƙwabcinki da ya mallaki nasa ɗungurungum. In rufin ginin ya buƙaci sauyi, kasonki na fulat ɗaya zai zo miki, ba wanda zai ce a rage miki kashi 75. Sabon tsarin da aka kawo a 2021 ya ɗan sassauta: a shekara goma ta farko ƙungiya na ɗaukar manyan gyare-gyaren jikin gini, tana kuma iya mayar miki da har fam 500 a shekara na gyaran abubuwa irin su famfo da na'urar ɗumama gida. Ki tambaya a rubuce ko wannan fulat ɗin a sabon tsarin yake, domin har yanzu ana sayar da na tsohon.

Sai batun ƙara kaso. Za a ce miki kina iya saye kaɗan-kaɗan har gidan ya zama naki duka, kuma haka ne a yawancin gidajen. Amma a farashin ranar za ki saya, ba na ranar da kika shiga ba. In fulat ɗin ya kai fam 240,000, kashi 25 na biyu fam 60,000 ne, ga kuɗin mai kimanta gida, ga na lauya. Sabon tsarin ya ba da damar sayen kashi 1 duk shekara har tsawon shekara 15 ba tare da wahalar takardu sosai ba, sai dai mai hawa da kashi ɗaya-ɗaya ya san tafiyar da ke gabansa. A watan Maris na 2024 wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya mai kula da harkar gidaje ya fitar da rahoto a kan tsarin, ya ce hawan haya da kuɗin kula da gini da na gyara sun sa mutane da dama sun kasa kaiwa ga mallakar da aka yi musu alkawari.

Na taɓa zama da wani ƙanenmu direban bas da takardunsa baje a kan teburin kicin. Shekarunsa da yawa a irin wannan gida, kullum yana cewa "gidana". Da ya tashi komawa wani gari saboda aiki, sai ya tarar ba zai iya kai shi kasuwa kai tsaye ba, sai ƙungiyar ta fara neman mai saye daga jerin mutanenta na wasu makonni. Ya ce to bari ya sa ɗan haya kafin nan, aka nuna masa layin da ya hana. Ya ɗaga takardar yana juyawa yana cewa shi bai taɓa ganin wannan shafin ba, alhali ga sa hannunsa a ƙasa. A sabon tsarin mako huɗu ne wannan jiran, a tsohon mako takwas. Kuma ki riƙe wannan da kyau: bashin haya a nan ba wasa ba ne. A 2007 wata kotu a Ingila ta yanke hukuncin da ya raba wata mata da gidanta saboda bashin haya, rabin gidan da ta saya da kuɗinta ya tafi tare da shi. Lauyanki ya bayyana miki abin da doka ta ce a yau a kan wannan kafin ki sa hannu.

Sharaɗin shiga: kuɗin da ke shigowa gidanku gaba ɗaya kada ya wuce fam 80,000 a shekara, ko 90,000 a Landan. In ba ku samu takardar zaman dindindin ba tukuna, bankunan da za su saurare ku ba su da yawa, kuma sukan nemi kafin alƙalami mai kauri.

Ra'ayina? Idan kun san za ku zauna a Leeds shekaru masu yawa, kuma fam 770 ɗin nan ko ya zama 900 ba zai hana ku aika na cefane gida ba, to ya fi zaman jiran mai gida ya ƙara kuɗi ko ya ce ku tashi. In da hali ku nemi gida mai ƙofar kansa maimakon fulat a dogon bene, domin kuɗin kula da gininsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma in a ranku akwai Kanada ko Saudiyya nan da shekara biyu ko uku, kamar yadda na ga ma'aikatan jinya da yawa suna yi, ku ci gaba da haya. Shiga wannan tsarin ya fi fitarsa sauƙi.

Tambaya: Kawu, barka da aiki. A 2020 na sayi sabon gida a wajen Coventry a kan fam 250,000 ta hanyar Help to Buy. Na biya kashi 5, gwamnati ta sa kashi 20, banki ya cika. Yanzu an aiko min da wasiƙa wai zan fara biyan kuɗin ruwa a kan na gwamnatin. Wani kuma ya ce min ko da zan biya su yau, ba fam 50,000 ɗin da suka sa za su karɓa ba. Ni na ɗauka tallafi ne. Ina gaskiyar take?

Amsa: Ƙanena, wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Ka san yadda ake watanda: wanda ya zuba kuɗin kaso ɗaya cikin biyar, kaso ɗaya cikin biyar na naman zai ɗauka, san ya yi ƙiba ko ya rame. Haka gwamnati ta shiga gidanka. Abin da take bin ka kashi 20 ne na darajar gidan a ranar da za ka sallame ta. In mai kimantawa ya ce gidan ya kai fam 300,000, fam 60,000 za ka ba ta. In ya faɗo zuwa 220,000, fam 44,000 za ta karɓa ta yi haƙuri. Wannan ɓangaren na biyu mutane kan manta da shi, kuma adalci ne a faɗe shi: waɗanda suka sayi fulat a Landan, inda gwamnati ke sa har kashi 40 tun daga 2016, wasunsu sun mayar da ƙasa da abin da aka ba su saboda farashin ya sauka.

Kuɗin ruwan da wasiƙar ke magana a kai yana cikin yarjejeniyar tun ranar farko. Shekara biyar ta farko babu, sai fam 1 da ake cira duk wata. A shekara ta shida ya fara da kashi 1.75 na ainihin kuɗin da aka sa, wato fam 875 a shekara a kan 50,000, kusan fam 73 a wata. Daga nan duk watan Afrilu adadin yana ɗan ƙara hawa gwargwadon hauhawar farashi. Ka lura, wannan fam 73 ɗin ba ya rage ko sisi daga kason gwamnati. Ko shekara goma ka yi kana biya, kashi 20 ɗinta na nan daram. Kuma dole a sallame ta idan ka sayar da gidan, ko ka gama biyan banki, ko shekara 25 ta cika.

Hanyoyi uku ne a gabanka. Ka ci gaba da biyan kuɗin ruwan, wanda a gaskiya har yanzu ya fi na banki araha, amma ka sani in farashin gidaje na hawa a unguwarku, abin da za ka biya a ƙarshe yana hawa tare da shi. Ko ka koma banki ka ƙara rance ka sallami gwamnati gaba ɗaya, ka san adadin bashinka ya tsaya wuri ɗaya. Ko ka biya rabi: doka ta yarda a rage, amma kada abin da za ka biya ya gaza kashi 10 na darajar gidan, ba a karɓar ɗari biyar yau dubu gobe. Kowacce ka zaɓa cikin biyun ƙarshe, sai ka ɗauko mai kimanta gida mai rajista da RICS, ƙungiyar ƙwararrun masu kimanta gidaje, da kuɗinka, kuma takardarsa wata uku take aiki, don haka kada ka ɗauko shi sai banki da lauya sun shirya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da wa'adin tsayayyen kuɗin ruwanka na banki ke ƙarewa, ka haɗa aikin biyu a zama ɗaya. In kana da niyyar ƙara ɗaki ko gina wani abu a bayan gida, ka fara sallamar gwamnati, ko aƙalla ka nemi izininta a rubuce, domin ba ka da ikon taɓa jikin ginin ba da saninta ba.

Tunda ka ce tallafi, bari in ɗan faɗi abin da ke raina. George Osborne, ministan kuɗi na lokacin, shi ya kawo tsarin a Afrilun 2013, kuma sababbin gidaje kaɗai ya shafa. A 2019 ofishin babban mai binciken kuɗin gwamnatin Birtaniya ya ce kusan uku cikin biyar na waɗanda suka amfana za su iya sayen gida ko da babu shi. Su kuwa manyan kamfanonin gini kakarsu ta yanke saƙa. Persimmon ya ci ribar da ta haura fam biliyan ɗaya a 2018, kuma a shekarar ne shugabansa Jeff Fairburn ya sauka bayan surutun da ya biyo bayan ladan fam miliyan 75 da aka ba shi. In ka ƙara wa masu saye kuɗi a aljihu ba ka ƙara yawan gidaje yadda ya kamata ba, mai sayarwa ne zai fara jin daɗi. An rufe karɓar sababbin masu nema a Ingila ranar 31 ga Oktoba 2022, don haka masu rubuto min suna tambayar yadda za su shiga, wannan jirgin ya wuce.

Tambaya: Kawu, mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida a Kano, mu goma sha ɗaya. Ni ina Manchester, ban taɓa sayen gida ko'ina ba. Ina cikin masu sayen gidan farko ko kuwa? Abokaina sun ce in yi shiru, wa zai je Kano ya duba?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Ɗana, kada ka bi shawarar abokan nan. A wajen hukumar harajin Birtaniya, mai sayen gidan farko shi ne wanda bai taɓa mallakar gidan zama ko wani kaso a cikinsa ba a ko'ina a duniya, kuma gado yana ciki. In kasonka a gidan Kano ya tabbata naka, kana iya rasa rangwamen harajin sayen gida da ake yi wa masu farawa, wanda tun daga Afrilun 2025 yake yafe haraji a kan fam 300,000 na farko. Asusun Lifetime ISA, wanda gwamnati ke ƙara kashi 25 a kan abin da ka tara har fam 4,000 a shekara, shi ma da wannan sharaɗin yake in don sayen gida za ka cire. Akwai kuma ƙarin harajin kashi 5 da ake ɗora wa mai gida na biyu, amma wannan ba ya hawa kanka idan darajar kasonka ba ta kai fam 40,000 ba, kuma kaso ɗaya cikin goma sha ɗaya a yawancin gidajen gadonmu bai kai nan ba.

Shared Ownership ya fi sassauci, domin yana karɓar wanda ya taɓa mallakar gida a da, muddin ba ya riƙe da wani a ranar da za a kammala ciniki. Saboda haka abin yi shi ne ka zauna da lauyanka ka faɗa masa komai: an raba gadon ko ba a raba ba, sunan wa ke kan takarda, nawa kasonka zai yi in an mayar da shi fam. Fom ɗin da za ka cika shaida ce da sa hannunka. Wanda ya ɓoye, ranar da ta tashi tonuwa ba jami'in haraji ne zai je Kano ba, takardar rabon gado ce ko kuɗin da aka turo maka bayan an sayar za su yi magana.

Tambaya: Kawu, ni damuwata riba. Akwai cikin waɗannan tsare-tsaren wanda Musulmi zai shiga hankalinsa kwance?

Amsa: Hajiya, fatawa ta malamai ce, ni nawa in nuna miki inda kuɗin ruwan yake don ki kai musu tambaya cikakkiya. A Help to Buy wuri biyu yake: a bashin banki, da kuma wanda gwamnati ke fara karɓa a shekara ta shida. A Shared Ownership wuri ɗaya ne, bashin da kika ci don sayen kasonki. Abin da kike ba ƙungiya haya ce a kan kason da yake nata. Shi ya sa wasu 'yan'uwa ke tara kuɗi su sayi ƙaramin kaso da kuɗi hannu, tunda sabon tsarin ya sauko da mafi ƙarancin kaso daga 25 zuwa 10 cikin 100. Kashi 10 na gidan fam 200,000 fam 20,000 ne, ba banki a tsakani. Sai dai hayar za ta yi nauyi tunda a kan kashi 90 take, kuma sai ƙungiyar ta amince. Ki kuma nuna wa malamin sharaɗin tarar jinkirin biya da batun ɗora miki dukan gyara, domin a fiƙihun tarayya ana magana a kan wanda ya kamata ya ɗauki nauyin gyaran abin da aka haɗa hannu aka mallaka.

Bankunan Musulunci na can, irin su Gatehouse, suna da tsarin musharaka mai raguwa: ku sayi gidan tare da banki, kina biyan haya a kan kasonsa kina kuma sayen kason kaɗan-kaɗan. Tun 2003 Birtaniya ta fara gyara dokarta don kada a karɓi harajin sayen gida sau biyu a irin wannan ciniki. Yawanci ya fi bashin banki na yau da kullum tsada, kuma kafin alƙalaminsa ya fi yawa. In Scotland kike, ki duba tsarinsu na Open Market Shared Equity, inda mai saye ke biyan kashi 60 zuwa 90, gwamnati ta riƙe sauran ba haya ba kuɗin ruwa, sai ranar sayarwa ta ɗauki kasonta. Ana buɗe shi ne gwargwadon kasafin shekara, kuma akwai iyakar farashi a kowane yanki.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni malamin makaranta ne a Gombe. Muna jin labarin waɗannan tsare-tsare a rediyo. Me ya hana gwamnatinmu ta yi mana irinsu?

Amsa: Malam, Allah ya taimake ka. Ba Birtaniya kaɗai ke yi ba. Ireland ta fara nata a 2022, tana sa har kashi 30. Majalisar Ostareliya ta amince da nata a ƙarshen 2024, har kashi 40 a sabon gida. Kanada ta gwada daga 2019, mutane ba su karɓe shi sosai ba, ta rufe a 2024. Duk ƙasashen nan suna da abu biyu da tsarin ke tsayawa a kansu: kowane gida yana da rajistar da ba a jayayya a kanta, kuma farashi ba ya ninkawa cikin shekara biyu.

A wajenmu, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma ba a jinginar da fili mai takardar gwamnati sai da izininsa. Gidaje nawa ne a unguwarku ke da wannan takardar, wato C of O? Yawanci takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa da shaidu biyu. Wannan ta ishe ka zama lafiya da maƙwabta, amma banki ba ya karɓar ta, gwamnatin da za ta riƙe kashi 20 ma ba ta da inda za ta rubuta kasonta. Sannan ka duba hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 30 a 2024, shekarar da buhun siminti ya wuce naira 10,000 a wurare da dama. A ce gwamnati ta sa maka naira miliyan 4 a gidan miliyan 20. Bayan shekara biyar gidan ya koma miliyan 50, kasonta ya zama miliyan 10, albashinka na koyarwa kuwa kai ka san inda ya tsaya. A irin wannan yanayi bashi mai tsayayyen kuɗin ruwa kaɗan ya fi wa ma'aikaci sauƙi, domin naira na raguwa adadin bashin yana nan inda yake.

Irin wannan bashin kuma akwai shi, aƙalla a takarda. Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, tun 1992 yake, ana cire kashi 2.5 na albashin ma'aikaci ana kai wa bankin gidaje na tarayya, FMBN, wanda ke ba da lamuni a kan kashi 6 har tsawon shekara 30, alhali bankunan kasuwanci suna neman sama da kashi 20. Bankin yana kuma da tsarin haya-zuwa-mallaka a gidajen da ya sa kuɗi aka gina. Tun 2022 hukumar fansho ta PenCom ta yarda ma'aikacin da ya cika sharuɗɗa ya cire har kashi 25 na asusun fanshonsa ya biya kafin alƙalamin gida, kodayake ni ina jan kunnen mutane a kan wannan, domin abincin tsufa ne ake taɓawa. Mai gudun kuɗin ruwa kuma yana iya leƙa Jaiz, TAJ ko Lotus ya ji sharuɗɗansu. Layin NHF yana da tsawo, takardun suna da yawa, kuma mutane da dama sun gaji sun koma hanyar da muka gada: a sayi fili, a shiga adashi, a zuba bulo bana, a yi linta baɗi.

Abu biyu zan ce ka yi a wannan hutun. Ka ɗauki takardar albashinka ka duba ko ana cire maka NHF. In ana cirewa, ka je ofishin FMBN na jiharku ka nemi lambarka da bayanin abin da ya shiga da sunanka, domin ba duk abin da aka cira ke isa can ba, kuma kuɗin naka ne, ana mayar wa wanda bai ci lamuni ba idan ya kai shekara 60 ko ya yi shekara 35 yana aiki. In kuma kana da fili, ka kai takardunsa GOGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Gombe, ka fara neman C of O tun yanzu, ko da ba ka da kuɗin bulo ɗaya tukuna.